Kwantenar Nafisa da Kantun Innarku

Akwai wata magana da ke yawo a gidan nan wadda nake so in gyara tun ina da ƙarfin riƙe alƙalami. Na ji ta a bakin ɗana Kabiru ranar sunan ɗansa, na sake jin ta a bakin jikokin da ko wayo ba su yi ba lokacin da abin ya faru. Cewa ake yi wai Nafisa ta gina wa Innarku shafin intanet na zamani, ni kuma na sa aka rushe shi saboda tsohon ɗan rediyo ba ya son abin da ya fi ƙarfin kansa. Rabin maganar gaskiya ne, ni na yanke hukuncin. Ɗaya rabin kuwa, da a ɗakin labarai aka kawo mini shi, da na mayar wa wanda ya rubuto na ce ya koma ya sake tambaya.

Shekarar da nake magana a kanta ita ce wadda na ajiye aiki na dawo Kazaure da zama. Na dawo da niyyar in sami inuwa in riƙa kallon duwatsun garinmu, in huta da agogon bango da jar fitilar ɗakin watsa shiri. Sai na tarar gidan nawa ya zama masana'anta. Innarku, Hajiya Binta, ta daɗe tana matsar man riɗi tana yin kantu, amma da idon baƙo nake ganin abin, in zo ƙarshen mako in koma. Da na zauna ne na ga girmansa. Farin riɗi daga kasuwar Babura yake zuwa, wani kuma daga gonakin Gwiwa ta hannun yayana, Alhaji Garba. Matan danginta na Roni su ne ke wankewa su surfa su shanya, amma tukunyar kantu ba ta yarda kowa ya tsaya a kanta sai ita. Masu saye daga ma'aikatan sakatariya suka faro, da aka riƙa canza musu wurin aiki suka tafi da ɗanɗanon zuwa Kano da Dutse da Abuja, suka koya wa maƙwabtansu. Wayarta ba ta hutawa. Tana alwala ana kira, tana juya kantu ana kira, kuma tambayar ba ta wuce akwai ko babu, sai yaushe mota za ta tashi. Ni na fara cewa abin nan yana buƙatar shafi a intanet, inda mutum zai duba da kansa ya ga abin da ke akwai. Ba mu kuma yi nisa da gwani ba, tun da aikin Nafisa ke nan a Kano, gina manhajoji da kula da su.

Dole in tsaya in yi wa ƙananan cikinku bayanin wani abu, don yanzu na ga uwaye suna kiran ɗan fari da sunansa har da ƙarin kirari. Nafisa ita ce 'yarmu ta fari, Innarku kuwa Bafulatanar Roni ce, daga gidan da kunyar ɗan fari ba abin wasa ba ce. Tun ranar suna ba ta taɓa furta sunan ba. In za ta ambace ta sai ta ce "yayarku", ko "ta Kano", in kuma ranta ya ɗan sosu, "waccan". Ba ta yabonta a gaban mutane, ba ta kallonta ido cikin ido, kuma abin da ya fi shafar labarin nan, ba ta roƙonta komai. Ko ruwa take so, Nafisa na zaune a gindin randa, gara ta ƙwala wa wani kira daga zaure. Da aka yaye Nafisa kakarta ta ɗauke ta zuwa Roni, can ta yi wayo tana jin kawunnanta suna ce wa Innarku Adda, wato yaya da Fulatanci, ita ma ta ɗauka, har yau Adda take ce mata. Ni ma cikin al'adar na tashi, amma aikin rediyo ya goge mini ita, don wanda ya saba karanta duk sunan da aka miƙo masa ba zai zo kan na 'yarsa ya kakare ba. Haka na zama tafinta a cikin gidana, tsakanin mutum biyu masu jin yare ɗaya.

Ranar da Nafisa ta zo da maganar shafin, a tsakar gida muke da hantsi. Innarku na gefe tana tsince riɗi a faifai, ta ba mu rabin baya, kunnenta kuwa duka biyun suna wurinmu.

"Baba, hanya biyu ce," in ji Nafisa. "Ta farko, a kama hayar wuri a ɗora manhajar da aka riga aka ƙera don kula da shafi. Tana da allon da mai shago zai shiga da kalmar sirri, ya rubuta abin da yake so, ya sa hoto, ya cire. Masu ƙananan sana'o'i ita suka fi ɗauka."

"Ta biyun fa?"

"Ta biyu, ni zan gina namu daga tushe, in haɗa shi da duk abin da yake buƙata in kulle a cikin abin da muke kira kwantena. Duk kwamfutar hayar da aka ɗora ta a kai, aiki iri ɗaya za ta yi. In mutane suka yi yawa, sai ta haifi 'yan'uwanta su raba aikin. In ɗaya ta mutu, wata za ta tashi kafin a lura."

Na juya maganar a raina, sai na ga ai na san abin nan tun kafin a haife ta. Kwantenarta naɗaɗɗen shiri ne. An gama shi an tace, duk tashar da aka kai shi haka zai fita, ba tari ba tuntuɓen harshe. Amma in kalma ɗaya ta tsufa a ciki, sai an koma wurin wanda ya naɗa ya sake sabo a sauke tsohon. Ɗaya manhajar kuwa ɗakin watsa shiri ne kai tsaye. Wanda ke da mabuɗi ya shiga ya faɗi abin da ke bakinsa, nan take duniya ta ji, daidai ko kuskure.

"Malam," in ji Innarku, ba ta ɗago ba, "tambaye ta, wanne ne ba ya faɗuwa?"

Na juya na maimaita tambayar sarai, kamar Nafisa tana can wani gari.

"Kwantenar, Baba. Ɗayar in aka yi mata yawa takan durƙushe, kuma sai ana yawan sabunta ta, in ba haka ba ɓarayin intanet su sami ƙofa."

"To ai magana ta ƙare," in ji Innarku, tana yi wa riɗin bayani. "Wa zai kama shago mai faɗuwa, ga mai haihuwa?"

Muka yi dariya, aka tsaya a kan kwantena. Ku lura, Nafisa ba ta ɓoye komai ba. Kafin ta tashi ta faɗa a fili cewa duk canjin da za a yi a shafin sai ya bi ta hannunta. Ta ce ba wani aiki ba ne, Adda ta turo mata kawai, kafin a sha ruwa an gama. Na ga fuskarta ta ɗan washe da ta faɗi haka, na ɗauka murnar aiki ce.

Shafin kuwa ya yi kyau, wannan kada wani ya rage mata shi. Ta ba shi ƙarshen makonninta tun daga sanyi har zafi ya shigo. Da ya fito, ga kwalaben man kamar ka miƙa hannu ka ɗauka, ga kantu an jera shi a sabon faifai. Ba shi da nauyi, ko inda waya ke kamawa da ƙyar yana buɗewa. Yaya Garba ya buɗe shi ranar kasuwar Gwiwa ya bi rumfa rumfa yana nunawa, yana cewa riɗin gonarsa ne ya shiga waya. Gab da azumi wata mata a Abuja ta yaɗa shi a zaurukan wayarsu na mata, jama'a suka yi masa rubdugu. Nafisa ta kira ni tana dariya ta ce kwantenarta ta haihu tun safe, uwa da 'ya'ya suna lafiya. Na isar wa Innarku, ta ce Allah ya raya, ta ci gaba da juya tukunya, amma ranar ta ƙara mini nama a miya.

Matsalar a hankali ta shigo. Sana'a irin ta Innarku ba ta kwana yadda ta wuni. Yau manyan kwalabe sun ƙare, gobe direba ya canza ranar tashi, jibi sabon riɗi ya iso daga Babura. Kowane ɗaya saƙo ne, kowane saƙo kuma ta kaina yake bi. Ni kuma hannun tsohon edita ba ya barin magana yadda ta zo. Wata rana ta ce:

"Malam, gaya wa ta Kano ta rubuta a allon nan nata, man bana ya fi na bara hankali, wanda ya saya zai dawo da maƙwabciyarsa."

Abin da na tura shi ne, man riɗin bana ya fi na bara inganci. Da ya fito a shafin na karanta mata, ta ajiye ludayi ta dube ni.

"Wannan shagon na gwamnati ne? Ina hankalin? Ina maƙwabciyar?"

Na yi alkawarin daina tacewa, na kuma daina. Amma ba nan gizo yake saƙar ba. Wata safiya na tambaye ta ko akwai saƙon yau, sai ta ce:

"Ya isa haka, Malam. Kullum ina aike gun yarinyar nan, yi mini kaza, cire mini kaza. Ni na haife ta ko ita ta haife ni? Ko ta bakinka ya fita, ai ta san inda ya taso."

Daga ranar saƙo ya yanke. Nafisa kuwa a sana'arsu shiru alamar lafiya ce, in na'ura ba ta yi ƙara ba to komai daidai. Tana duba kwantenarta daga Kano tana ganin ta tsaye ƙyam, kuma tsaye take. Abin da ke rubuce a jikinta ne ya fara tsufa. Damina ta sauka, Innarku ta kife tukunyar kantu kamar yadda take yi kowace shekara, don kantu ba ya shiri da laima, yana jin ta sai ya saki jiki ya daina ƙaras-ƙaras a baki. Na ce bari in gaya wa Nafisa ta cire shi daga shafin.

"Kantu ya yi fushi da damina, sai ya huce da kaka, wannan kowa ya sani," in ji ta. "Ka bar ta ta yi aikin da ke gabanta. Ban aike ka ba."

Sana'arta ce, maganarta ce, ni kuma a inda na yi aiki labarin da mai shi ya ce kada a sa, ba a sawa. Na bari.

Kowa ya sani, amma abin da mutum ya gani da idonsa a waya yakan rinjayi abin da ya sani. Ana tsakiyar ruwa sai ga Hajiya Laure daga Babura, tsohuwar mai sayen kayan Innarku, ta yi shatar mota ta cika ta da manyan kwanuka. Jikarta ta tare, za a kai gara.

"Hajiya Binta, kantun gara na zo ɗauka. Jiya jiyan nan na ga hotonsa a waya, har wani ƙyalli yake."

"Kantu da damina, Hajiya Laure? Ke fa ba baƙuwa ba ce."

"Ni ma na yi mamaki, na ce ko 'yar nan taku ta Kano ta samo muku injin korar laima ne. Allonku ya ce akwai, ni kuma na riga na cika baki a gidan surukai, na ce za su ci kantun da sai sun nemi mai haɗa haƙori."

Innarku ta tayar da tukunya a ranar, ta wuni a kanta, ta gasa faifai a kan garwashi don ya bushe. Kantun ya fita daga gidan nan da ƙarfinsa, kafin ya kai Babura ya zama abin lasa da cokali. Hajiya Laure mutuniyar kirki ce, dariya ta mayar da abin, har yau in sun haɗu takan tambayi injin korar laima. Amma Innarku ba ta yi dariya ba. Tun da ta fara sana'a ba ta taɓa cewa akwai a tarar babu ba, kuma wannan shi ne jarinta na gaske, ba riɗi ba. Da la'asar ta same ni a zaure.

"A rufe shi, Malam. Shagon da zai yi ƙarya da sunana, ni kuma ba ni da bakin ƙaryata shi, ba nawa ba ne."

Washegari na shiga motar Kano. Wannan ba maganar waya ba ce. Na sami Nafisa a gida, na ba ta labarin tun daga saƙon da ya yanke har zuwa kwanukan Hajiya Laure, ban ƙara ba ban rage ba. Ta saurara har na gama.

"Baba, aikin da bai kai a tafasa shayi ba. Me ya hana ta kira ni? Ni ba 'yarta ba ce?"

"Don ke 'yarta ce ta fari. Da Kabiru ne ya gina, da ya ƙosa da kiranta."

"To zan yi mata ƙofa a jikin kwantenar, allon da za ta riƙa canza akwai da babu da kanta."

"Ranar da ta so sa sabon kaya fa? Ko ta so yi wa masu saye barka da sallah da irin bakinta?"

"Sai in ƙara mata wata ƙofar."

"Wa zai gaya miki tana so?"

Yarinya ce mai kaifin lissafi, ta riga ni ganin ƙarshen hanyar. Duk ƙofar da za ta yi, sai an nema tukuna, mai nema kuma ba za ta nema ba. In kuwa ta ce za ta yi dukan ƙofofin tun kafin a nema, to ta zauna ke nan tana sake ƙera manhajar da wasu suka riga suka ƙera, wadda muka ƙi tun farko. Da ta buɗe baki, ba maganar na'ura ta yi ba.

"Tun ina ƙarama, in na yi abin kirki sai dai in ji a bakin wani cewa Adda ta ji daɗi. Wannan na ce ko ba komai zai sa ta riƙa nema na. Yanzu shi ma a sauke."

A nan na gane washewar fuskar nan ta ranar farko. Na gaya mata gaskiya, cewa aikinta ba shi da aibi, ya yi duk abin da ta ce zai yi, har haihuwar. Amma shagon na Innarku ne, mabuɗinsa kuma yana Kano. Na ce a matsayina na mai gida na yanke, a koma kan manhajar da mai shago ke shiga da kansa. Ta ce ta ji. Sannan ta gyara zama ta koma ma'aikaciya, ta faɗa mini abin da zai biyo baya dalla-dalla. Shafin zai ƙara nauyi. Ranar rubdugu zai iya durƙushewa. Dole wani ya riƙa sabunta shi da 'yan manhajojin da ake liƙa masa, ya riƙa ajiye kwafi, kuma ba ita ba ce za ta riƙa tunawa. Ta kuma ce in dai ta san danginmu, allon da ake iya rubutu a kai ba zai tsaya a kan riɗi ba.

Babu ɗaya da bai faru ba, ku rubuta wannan a gefen sunanta. Jajibirin wata sallah shafin ya durƙushe ana tsaka da ciniki, wayar Innarku ta koma ruri kamar dā har sai da aka ƙara masa wuri. A kasuwar Gwiwa yanzu sai Yaya Garba ya ɗaga waya sama ya yi ta jira. Shi ɗin ne kuma ya fara cika ɗaya maganar. Da ya ji Innarku na iya rubutu da hannunta, ya hau babur ya zo takanas, wai bajiminsa ya ɓace, a sa cigiya a allon, fari ne mai baƙin kunne. Wa zai ce wa yayan miji a'a? Bajimin ya zauna a saman kwalaben mai, har wata mata daga Abuja ta tambaya ko shi ma na sayarwa ne. Bayansa sanarwar suna ta biyo, da ta ɗaurin aure, har sai da na tsaya na zama mai cewa a'a, na sha harara a wurin dangi na tsawon wata kaka. Ni ne kuma mai sabuntawa da ajiye kwafi. Na gudu daga ɗakin watsa shiri, na ƙare ina share wani. Kwantenar Nafisa kuwa, da duk ƙarshen makonnin da ta ci, aka sauke ta. Wannan shi ne abin da hukuncin ya ci, ban kuma taɓa cewa kyauta na same shi ba.

Na bar ranar miƙa mabuɗi a ƙarshe, don ita ce ba a ba ku labarinta daidai ba. Nafisa ta ɗauki lokaci tana kwashe kaya daga tsohon shafi zuwa sabo, tana yi ba ta cewa komai, gaisuwarmu ta waya ta gajarce. Sai da aka fara yankan gero ta zo Kazaure da kwamfutarta. A nan na ce ni ba zan iya wannan tafintar ba, don ba a koya wa mutum danna abu ta bakin wani. Aka shimfiɗa tabarma ɗaya a inuwar rumfa. Ban taɓa ganin su zaune kusa haka ba. Innarku ta ja mayafi ta kafa wa allon ido kamar zai gudu, Nafisa kuma tana bayani tana kallon iska, nan ake rubutu, nan ake sa hoto, wannan in an danna duniya ta gani. Innarku ta yi ajin yaƙi da jahilci tun kuna ƙanana, tana karatu tana rubutu, a hankali dai, gaɓa gaɓa kamar yadda aka koya musu.

Aka zo kan kalmar sirri.

"Baba, ka gaya wa Adda ta zaɓi kalmar da ita kaɗai za ta sani. Ba sunan gari ba, ba riɗi ba, ba kantu ba. Kalmar da ba wanda ya taɓa ji a bakinta."

Ta tura kwamfutar gaban Innarku, ta juya ta fuskanci bango, don a ƙa'idar aikinsu ba a kallon hannun mai sa kalmar sirri. Ni ma na ɗauke kai. Muka ji ƙwas, can kuma ƙwas, sai shiru. Haruffan kwamfuta ba a jere suke ba kamar na allon aji, duk wanda ya fara sai ya yi farauta. Shirun ya yi tsawo, har kaza ta zo ta leƙa ta wuce.

"Malam," in ji Innarku a ƙufule, "na samu 'na'. Ina suka ɓoye 'fi'?"

Na dubi bayan Nafisa. Kafaɗarta ta ɗan girgiza, ban san dariya ba ce ko ɗayan, ina jin duka biyun ne. Ita kanta Innarku sai da maganar ta fita ta ji abin da ta faɗa, ta ƙara jan mayafi har ya kusa rufe mata hanci. Can Nafisa ta gyara murya, fuskarta har yanzu a bango.

"Baba, ka gaya wa Adda wannan kalmar ba ta da ƙarfi. Kowa zai iya cankar ta."

"Malam, gaya mata ita ta ce wadda ba a taɓa ji a bakina ba. In ta san wata da ta fi ta, ta kawo."

Ban isar da ko ɗaya ba. Nafisa ta juyo, ta karya ƙa'idar aikinsu, ta kama yatsan Innarku ta ɗora shi a kan harafin. Innarku ba ta janye hannu ba. Tare suka nemo sauran. Daga baya Nafisa ta sa aka ƙara wa kalmar wasu abubuwa gaba da baya har ta yi ƙarfi, an kuma sake canzawa tun tuni, saboda haka kada wani jika ya wahalar da kansa.

Har yau Innarku ba ta furta sunan ba, kuma ba na jin za ta furta. Har yau "ta Kano" ce. Amma ku daina cewa na rushe aikin yayarku don na kasa gane shi. Na gane shi sarai, ya fi wanda muka koma kyau da ƙarfi, sai dai an gina shi ne don gidan da uwa ke iya ɗaga waya ta ce wance yi mini kaza, namu kuwa ba shi ba ne. In kun tashi zaɓar wa wani wurin da zai ajiye sana'arsa, bayan kun tambayi wanne ne ba ya faɗuwa, ku tambayi wa zai riƙa magana a ciki, da kuma wanda ba zai iya roƙa ba.

A ranar, kafin a naɗe tabarma, Innarku ta ce a ba ta wuri za ta gwada. Ta yi ta farautar haruffa, Nafisa na gefenta ba ta sa baki ba, ni kuma na zauna a kan hannuwana don kada su tace. Da ta gama ta danna abin da aka nuna mata, ta ce in duba a wayata ko ya fito. Ya fito, a saman shafin, sama da kwalabe da komai:

"Kantu ya huce. Ku zo da maƙwabtanku."